Tagar Obadiya Kafinta

A shekarar 1952 Obadiya ya sauka Dutsin-Ma daga bayan wata motar gyaɗa, akwatin kayan aikinsa a ka, matarsa Zipporah na biye da shi goye da 'yarsu Dina. Mutumin kudancin Zariya ne, Kirista, a hannun 'yan mishan ya koyi aikin katako. Gajere ne mai kaurin wuya, kuma hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. In yana magana da kai a ƙofar gidanka, sai ka ga yana shafa ƙyauren da babban yatsa, yana laluben inda katako ya tashi. Ba a jima ba sunansa ya ɓace a bakin mutane, kowa sai Kafinta.

Wanda ya ba shi masauki shi ne Malam Ɗanmusa, babban mai hatsi na Unguwar Soraye. Obadiya ya yi wa sitonsa ƙyauren da ɓera ya kasa samun hanya, tsohon ya ji daɗi, ya yanka masa ɗaki guda da ɗan siririn fili daga gefen gidansa. A gaban mutane ya faɗa cewa ko bayan ransa kada wanda ya tada Kafinta daga wurin. Wannan magana ce ta zaunar da Obadiya a unguwar, kuma ita ce babban ɗan tsohon, Hudu, bai taɓa haɗiyewa ba.

Unguwar Soraye ita ce tsohuwar unguwa a wannan ɓangaren gari. Layi ne guda na gidajen ƙasa, kowane zaure da zankayensa a tsaye kamar kunnuwan zomo, bango ya sha makuba har yana ƙyalli, an yi masa zane tun daga dakali har rawanin gini. Wajen 1959 wasu baƙi suka zo da abin ɗaukar hoto, suka yi ta kai da kawowa a layin suna jinjina kai. Bayan tafiyarsu aka aiko daga sama cewa kada a sake taɓa fuskar gidajen. Ba kwano, ba siminti, ba sabuwar ƙofa, ba taga, sai da yardar mai unguwa da babban magini. Mai unguwar shi ne Manu, mutum mai son a zauna lafiya muddin ba shi zai tashi tsaye ba. Babban maginin kuwa Ɗanmaraya ne, wanda ubansa ya yi yawancin zanen da ke layin, shi kuma yake kallon kowane bango kamar kabarin uban.

Da farko dokar ba ta dami Obadiya ba. Yana ta yi wa sababbin unguwanni tagogi, da makarantu, da kantunan bakin kasuwa. Ranar Lahadi su tafi sujada bayan gari, su dawo. Ba a cin abinci da su, amma ana gaisawa, ana kuma kiransa in sakata ta lalace. Dina ta girma, ta tafi makarantar kwana. Haka aka zauna, ba ƙauna ba faɗa, har Malam Ɗanmusa ya rasu.

Hudu ya gaji gida, ya gaji sito, ya je Makka ya dawo Alhaji. Hatsinsa ya ƙaru, wuri ya yi masa kaɗan, idonsa ya sauka kan ɗakin Kafinta. Bai ce a tashi ba, don waɗanda suka ji maganar ubansa suna nan da ransu. Sai ya mayar da sussuka da shiƙar gero lungun da ke jikin filin Obadiya. Ɗakin ba shi da wata kafa sai ƙofa ɗaya, ita ma lungun take kallo. Ƙaiƙayi ya riƙa shiga yana kwanciya a kan gado, a kan tufafi, a cikin randa.

Zipporah dama tana da ciwon fuka tun tana yarinya, amma ya daɗe bai tashi ba. A daminar 1965 ya tashi gaba ɗaya. In an buɗe ƙofa ƙaiƙayi ya shigo, in an rufe ɗakin ya zama tukunya, ga danshin ƙasa, ga warin azara. Ta daina kwanciya, sai dai ta jingina da bango tana jan numfashi yana kuka kamar tsohon zuga-zugi. Malamin asibiti ya ba ta magani, ya ce wa Obadiya gaskiya: magani ba zai yi komai ba in ba a sama mata iska mai tsabta ba.

Obadiya ya je wurin Hudu ya roƙa a matsar da sussukar.

"Gidan ubana ne," in ji Hudu. "In ƙurar hatsi ta dame ku, ai gari da faɗi."

Bango ɗaya ne ya rage wanda bayansa iska take, shi ne wanda ke kallon layi. Mutumin da ya yi wa rabin gari taga ya tsaya yana duban bangon ɗakinsa, ya san daidai inda za a huda, ya san girman da ya kamata, ya kuma san an hana.

Da hantsi ya sami Manu a kan dakalinsa yana ɓare goro. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, matata ba ya iya numfashi."

"Ba ta, Kafinta. Ba ta iya. Shekara nawa kana shan furarmu, har yau matarka namiji ce a bakinka?"

"Ba ta iya, ranka ya daɗe. Taga nake roƙo. Ƙarama."

"Taga a layin ga? Kana so Ɗanmaraya shi cinye ni ɗanye?"

"Ka zo ka ji ƙirjinta. Daga nan ma in ka yi shiru za ka ji."

Manu ya daɗe yana tauna goronsa. Ba mugu ba ne, wannan kowa ya shaida, amma kirkinsa ba ya jure rana. Can ya duba hagu ya duba dama, ya rage murya.

"Can sama, ƙarƙashin rawani, inda ido bai kaiwa. Kada ta wuce faɗin faifai. Kuma ka ji ni da kyau: ka yi abinka ba hayaniya. Ban son Alhaji Hudu shi ji, ban son Ɗanmaraya shi ji. In an wayi gari an gan ta, sai in ce jemagu ne suka yi rami."

"Ba hayaniya," in ji Obadiya.

"Ba hayaniya."

To, a unguwa irin wannan akwai abin da ko yaron magini ya sani. Namiji ba ya hawa sama, ko bisa soro ko bisa tsani, sai ya tsaya a ƙasa ya ɗaga murya: "Salamu alaikum, za a hau sama!" Sai ya dakata kaɗan, matan gidajen maƙwabta su ɗauki mayafi ko su shige ɗaki, sannan ya taka. Obadiya ya san wannan sarai. Ya sha yin kiran nan da bakinsa in an sa shi gyaran indararo, har yara suna kwaikwayon muryarsa.

Ya zaɓi ranar kasuwa, bayan azahar, lokacin da maza suka watse daga layin. Ya jingina tsani da bangonsa, ya saɓa dagi a kafaɗa. Ya buɗe baki zai yi kiran, sai maganar Manu ta faɗo masa. In ya ɗaga murya, gidan Hudu ne na farkon ji. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan tsani yana auna abin. Daga cikin ɗaki yana jin numfashin Zipporah ta cikin bango. Ya rufe bakinsa ya hau.

A nan komai ya lalace, kuma har yau in an zauna ana maimaita labarin, a daidai nan ake yin shiru. Katangar gidan Hudu ta haɗu da bangon Obadiya, amma ba ta kai shi tsawo ba. Wanda ya kai ƙarshen tsanin, in ya waiga hagu, tsakar gidan Hudu ce a shimfiɗe. Obadiya ya rantse da duk abin da yake rantsuwa da shi cewa bai waiga ba. Ya sa dagi yana sara a hankali, ƙasa na zubowa, har bakin dagin ya faɗa cikin ɗaki. Ya faɗaɗa ramin ya kai faifai. A lokacin ne wani guntun tubali ya gangara ya faɗa ta wancan gefe.

Ma'u, matar Hudu, tana tsakar gida tana tankaɗe, ɗaurin ƙirji, kai ba kallabi. Ta ji faɗuwar abu, ta ɗaga ido, ta ga kan namiji a sama da katangarta.

"Wayyo Allah! Namiji bisa katanga! Jama'a!"

Layin da ya yi tsit ya cika kafin Obadiya ya sauko taki biyu. Wasu samari da ke dawowa daga kasuwa suka kama ƙafar tsanin.

"Sauko, ɗan leƙe!"

"Ku bari in sauka! Aiki nake yi!"

"Aikin mi? Aikin ido?"

Ba a san wanda ya fizge ba. Kowa ya ce ba shi ba ne. Tsanin ya zame, Obadiya ya faɗo a kan hannunsa na dama, aka ji ƙarar ƙashi. Babu wanda ya ɗaga shi. Zipporah ce ta fito tana dafa bango, ta ja shi ciki, mutane na tsaye suna kallo.

Kwanakin da suka biyo baya, kafin a zauna shari'a a kan ramin, su ne abin da Obadiya bai iya mantawa ba. Hannunsa na ɗaure da karan ɗori, yana zogi. Amma ƙofa a rufe take, an toshe ƙasanta da tsumma, iska kuma na saukowa daga ramin sama, mai sanyi, mai ƙamshin ruwan sama. Zipporah ta miƙe a kan gado ta yi barci. Da rana tsaka ta yi shi, baki a buɗe, kamar yarinya. Ya zauna a ƙasa yana sauraro, bai ji kukan ƙirjin ba.

"Baban Dina," ta ce da ta farka, "yunwa nake ji."

Rabonta da faɗin haka tun farkon damina.

A zauren Manu aka zauna. Dattawa a kan tabarmi, Ɗanmaraya a gefe ya haɗe rai, Hudu a gaba cikin babbar riga, samari sun cika ƙofa. Obadiya aka bar shi a tsugune kusa da takalma.

Ya yi zaton za a tuhume shi da leƙe, ya kuma shirya rantsuwarsa. Hudu ya fi shi wayo.

"Ni ban kawo ƙarar iyalina ba," in ji Hudu. "Iyalina ba abin kawowa zaure ba ne. Fuskar unguwa na kawo. An ce kada a taɓa, ko ba a ce ba? Ni da ke da hali, kwano nike so in sa tun bara, na haƙura. Sai baƙo ne zai zo shi huda mana bango?"

"Ba bango kaɗai ba," in ji Ɗanmaraya. "Ku je ku duba. Tsakiyar zanen ya sara. Hannun ubana ne wurin nan. Ni ko yaɓe zan yi, sai na wanke hannu nike taɓa shi. Shi ya sa mashi dagi kamar mai haƙar ɓera."

"An ba ni izini," in ji Obadiya.

Idanu suka koma kan Manu.

"Ranka ya daɗe, kai ka ce in yi. Ka ce can sama, faɗin faifai. Ka ce ba hayaniya. Shi ya sa ban yi kira ba."

Manu ya gyara zama, ya gyara hula, ya duba rufin zaure.

"Na ce ba hayaniya," ya ce. "Ban ce ba sallama ba. Sallama hayaniya ce? Jama'a, ku ji mani. Sallama hayaniya ce?"

Aka yi ta salati. Wani daga ƙofa ya ce, "A wurinsu ai hayaniya ce!" Samari suka kwashe da dariya.

"Ashe dai ka ba shi," in ji Ɗanmaraya, ya juyo kan Manu. "Kai kaɗai? Ni mi nike a unguwar ga, turmi?"

"Ban ba shi ba. Shawara muka yi. Cewa na yi in za a yi, ga yadda za a yi. In."

Obadiya ya ɗaga hannunsa mai ɗori. "Matata ya yi barci," ya ce. "Tun da aka huda, ya yi barci, ya ci abinci. Ku aiki mace ta je ta gani. In kun rufe, kun kashe shi."

"Kun ji ko?" in ji Hudu. "Mutumin da bai rarrabe mace da namiji a baki, ina zai san akwai inda namiji bai leƙawa?"

Dariyar ta fi ta farko. Wani tsoho ɗaya ne ya ce a duba halin maras lafiya, ko a bar ramin har kaka. Aka ce masa in an bar wannan, gobe kowa zai wayi gari da tari. Hukunci ya fito kafin la'asar: a toshe ramin, a mayar da zanen yadda yake, kafin Juma'a.

Washegari Zipporah ta yafa mayafi ta shiga gidan Hudu, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta sami Ma'u tana tsinke zogale. Shekaru suna aron rariya da gishiri ta kan katanga, ita ce ma ta yi wa Ma'u zaman jego a haihuwarta ta fari.

"Maman Bilya, don Allah ki gaya mini. Ya dube ki?"

Ma'u ba ta ɗago ba. "Ƙeyarshi na gani."

"To, ki faɗa mana."

"In faɗa ma wa? Duk layi sun ji ihuna. In ce masu ƙeya na yi ma ihu? Alhaji shi sa fuskarshi ina?"

"Numfashina ne, Ma'u."

"Ni ma aurena ne." Ta watsa ganyen cikin ƙwarya. "Da ya yi sallama kamar kowa, da na shige ɗaki, da yanzu kina shan iskarki. Ki je ki tambayi mijinki, ba ni ba."

Zipporah ta dawo ta zauna a bakin gado, a ƙarƙashin hasken da ke saukowa daga ramin.

"Ba zan sake kwana a ɗakin nan a rufe ba," ta ce. "Ko a gindin itace ne, ka kai ni."

Obadiya ya yi gardama. Aikinsa na nan, masu ba shi aiki na nan, tashi kuma shi ne abin da Hudu ke nema tun farko. Ya ce zai kai ƙara gaba. Ta tambaye shi wa zai tsaya masa shaida. Ya lissafa mutanen layin ɗaya bayan ɗaya a zuciyarsa, waɗanda ya yi wa ƙyaure, waɗanda ya yi wa makara kyauta ranar da suka yi rashi, bai sami ko ɗaya ba.

Ranar Alhamis da safe Ɗanmaraya ya zo da ƙasarsa a kwaɓe. Ya tsaya a gindin tsani, ya cika ƙirji, ya yi kiran da ƙarfin da ba a taɓa jin ya yi ba, yana kallon Obadiya: "Salamu alaikum, za a hau sama!" Mutane suka fito ƙofofinsu don su gani. A daidai lokacin Obadiya ke fito da kaya da hannu ɗaya: gado, randa, akwatin aiki. Babu wanda ya kama masa, babu wanda ya ce sai wata rana. Zipporah ta zauna a kan ƙullin tufafi a tsakiyar layi, tana kallon yadda ake cusa tubali a ramin. Kafin motar da za ta kai su Kurfi ta tashi, an shafe wurin, Ɗanmaraya na bin zanen da yatsa. Kafin kaka buhunan Hudu sun cika ɗakin.

A Kurfi wani manomi ya ba su wuri a bakin gari, ta hanyar Birchi, inda ba layi ba zane. Ɗakin kara ne da zana, iska na ratsa shi ta ko'ina, da sanyi har ta yi yawa. Ƙirjin Zipporah ya lafa. Yakan tashi jefi-jefi, amma ba kamar da ba. Ta yi ƙiba, ta fara kiwon kaji, Dina in ta zo hutu takan ce ba ta gane uwarta ba.

Hannun Obadiya ne bai koma daidai ba. Ya ɗoru a karkace, ba ya riƙe zarto ya daɗe. Mutumin da ke yi wa makarantu tagogi ya koma yin kujerun tsugunno da ƙotar fartanya da gyaran akurki. Ya rage magana. Bai sake taka Dutsin-Ma ba, ko ranar kasuwa. In an ambaci Manu a gabansa sai ya tashi ya bar wurin, ya fi jin zafinsa a kan Hudu, don a cewarsa Hudu bai taɓa yi masa murmushi ba.

Bara wani mutumin Unguwar Soraye ya zo cin kasuwar Kurfi, ya biyo ta wurinsa da wata karyayyar kujera a hannu. Ya yi sallama, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ce ai duk layi ana kewar aikinsa, kafintocin yanzu ba su iya komai ba.

Obadiya na zaune yana feƙe ƙota. Bai ɗago ba.

"Kana ƙofar zaure ranar nan," ya ce.

"Haba Kafinta, abin da ya wuce..."

"Kana ƙofa. Ka yi dariya. Ɗauki kujerarka."

Daga bayan ɗaki, inda take watsa wa kaji tsaba, Zipporah ta ɗaga murya, har manomin da ke gonar gefe ya waigo.

"Baban Dina! Ka karɓi aikin mana! Da fushi za mu yi tuwo?"

Obadiya ya dakata da wuƙar a hannu har ta gama faɗanta, don ta daɗe tana yi ba ta tsaya jan numfashi ba. Sannan ya ci gaba da feƙe ƙotarsa. Mutumin ya gaji da tsayuwa, ya saɓa kujerarsa ya tafi.